Kibiyoyin Zahra'u da Shagon Ƙofar Gida

Zahra'u taubashiyata ce, 'yar Kawu Bello. Tun tana rarrafe na san za ta zame mini ciwon kai. Yarinyar da in an ba ta 'yartsana sai ta farke cikinta don ta ga me ya haɗa hannu da kafaɗa! Ni na ajiye boko a aji uku na kama lalle, ita ta yi ta karatu har gilashin idonta ya kai kaurin gindin kwalba.

Aikinta yanzu gyaran manhaja. In wani ya rubuta umarnin da kwamfuta ke bi, wanda suke ce wa kod, ya cukurkuɗe shi ya gudu, ita ake kira. Wani kantin magani a Tarauni ya kawo mata irin wannan, rubutun da in aka shimfiɗa shi sai ya kai Hotoro ya dawo. Ba ta bi shi layi-layi ba. Ta sa kwamfuta ta zana shi: kowane yanki da'ira, in yana neman wani yankin ya yi masa aiki, kibiya ta tashi daga wannan zuwa wancan. Ta buga a ƙatuwar takarda ta manna a zaure, jama'a sai "Masha Allah" suke. Ni da yatsuna suka ƙare a hannun amare, wa ya taɓa tsayawa kallon zanena?

Ana haka telan da ke shagon ƙofar gidanmu na Gyaɗi-Gyaɗi ya tashi. Hajiya Inna, kakarmu, ta ce ɗayarmu za ta ba wa, ni ko Zahra'u. Har na zaɓi kalar labule.

A gaban Hajiya na ce, "Ke mai ido huɗu, wannan saƙar gizon ce aikin da kike neman shago a kai?"

Zahra'u ta nuna wata da'ira. "Asabe, kin ga wannan da kibiyoyi suka taru a kanta? In aka matsar da ita, kantin nan kaf ya tsaya. Ita ba a taɓa ta."

Na ce, "To zana gidan nan in kin isa, a ga mai aiki, a ga mai ci kawai."

Ta ɗauki gawayi ta durƙusa a tsakar gida. Kawu, guga: kibiya zuwa Asabe. Matar Kawu, markaɗe: Asabe. Hajiya, tausar ƙafa da maganin safe: Asabe. Da'irata ta koma kamar bushiya. Tata kuwa kibiya ɗaya tal, ita ma daga wajenta ta fita, ta nufi tukunya. Na yi guɗa har maƙwabta suka leƙo.

Hajiya ta ƙare wa zanen kallo. Ta ce, "To ai magana ta ƙare. Ke Asabe in kin fita, wa zai riƙe mu? Wannan da ba mai nemanta, ku miƙa mata mukulli."

Yanzu tana can cikin shagona, fanka na kaɗa ta, masu shaguna har daga Darmanawa suna kawo mata cukurkuɗensu. Ni ina lalle a tsakar gida, a kan inda na goge gawayin da tsintsiya biyu. Jiya na ji muryarta ta taga: "Asabe, don Allah miƙo min ruwan sanyi!"

Na kai mata na rijiya. Ta sha, ta ce an ƙara kibiya ɗaya.