Malam Ban-yarda-ba da Baka Biyun da Suka Ɓace

Kafin mai gadi ya gama share harabar makaranta, shi ya iso. Da kansa yake goge allo, don gogewar kowa ba ta yi masa ba, sannan ya bi tebura yana leƙa ƙarƙashinsu ko an manna wata 'yar takarda. Ya tsufa yana koyar da lissafi a ajin nan mai tagar da ba ta rufuwa, kuma ƙarshen zangon nan zai ajiye alli. Yara da iyayensu Malam Ban-yarda-ba suka sani. Ka kawo masa amsa daidai, sai ya sauke tabarau ya ce, "Ban yarda ba. Ta ina ka biyo?"

Ba abin da yake ji da shi kamar baka biyun nan da ake kewaye lambobi da su. "Ɗaki ne," in ji shi. "Na cikin ɗaki su gama maganarsu tukuna, sannan su fito tsakar gida. In ɗaki na da ƙurya, daga ƙuryar ake farawa."

Mu abokan aikinsa mun sha ƙorafi, wallahi. Mutumin da ko gaisuwarka sai ya juya ta! Bara ne bakinmu ya mutu.

Raɗe-raɗi ya tashi cewa amsoshin jarrabawa sun fita. Ido ya koma kan yarinyar da ta zo ta ɗaya, don uwarta ce ke buga takardun makaranta. Shugaban makaranta ya yanke hukunci: a kori 'yar, a sallami uwar daga aiki.

"Malam, kai da ba ka yarda da kowa ba, me kake jira? Sa hannu mana," in ji shugaban, yana miƙa masa takardar korar.

"Ranka ya daɗe, ai kai ma ban yarda da kai ba. A ba ni takardun jarrabawar."

Ya baje su a tebur yana bi layi-layi, har ya tsaya cak a kan wata tambaya. Shi dai ya rubuta 3 × (6 + 4), amsa talatin, haka kuma take a takardar amsoshinsa. Amma wurin bugawa baka biyun sun zube, abin da yara suka gani shi ne 3 × 6 + 4. Ko ta ina yaro ya biyo wannan, ashirin da biyu zai samu. Ashirin da biyu yarinyar ta rubuta, shi kuma ya soke mata da jan biro. Wanda ya leƙa amsoshi ne kaɗai zai rubuta talatin.

Takarda ɗaya ce ke da talatin. Ta ɗan ƙanwarsa ce, wanda ke zaune a gidansa, yake kwana a ɗakin da Malam ke rataye jakarsa. Ya so ƙwarai a ce idonsa ne ke masa gizo. Ya sake dubawa, talatin na nan daram.

Ƙanwar ta riske shi a gida tana kuka. "Yaya, jininka ne fa. Wa zai sani in ka yi shiru?"

"Ni zan sani. Waccan ma 'yar wani ce."

Washegari ya kai takardar yaron ofishin shugaba da hannunsa. Daga nan ya wuce wurin mai buga takardu, ya cire hula ya ba ta haƙuri, duk da ba shi ya fara zarginta ba.

Kai ne, Malam, mai tankaɗe da rairaya, wanda bai ware nasa garin gefe ba. Mun ɗauka taurin kai ne, ashe tsoron zaluntar ɗan wani ne ke hana ka yarda da wuri. Mun gode, Allah ya sa ka huta lafiya. Masu tasowa, in za ku yi zargi ku yi irin nasa, ku bincika har ƙarshe ko da a ƙofar gidanku zai tsaya.

Mun san ƙanwarka har yau ba ta taka gidanka ba, mun kuma san abin na cin ka. Allah ya sanyaya zuciyarta. Yarinyar dai tana aji na gaba, uwarta na nan bakin aikinta.