Babur Ɗin Ruwan Mijin Yayata

Abubuwa da yawa sun same ni a ƙasar nan na manta da su, wasu ma da gangan. Amma bazarar da muka tayar da babur ɗin ruwan mijin yayata, ita kam ba zan taɓa mantawa da ita ba.

A lokacin ina zaune a Gorton, cikin Manchester, ina tuƙa bas. Yayata da mijinta kuma suna Lozells, a Birmingham. Shekarun nan ne da gwamnati ta tsuke bakin aljihu, kullum sai ka ji an rufe laburare ko an rage ma'aikata. Mijin yayata yana aiki a wata cibiyar matasa, ita ma aka sa mata kwaɗo. Mutum ne wanda a da in ana waƙa a coci sai an roƙe shi ya rage murya. Da aka sallame shi, ya dawo gida ya zauna a kujerar falo, ya ja labule. Ya daina fita, ya daina ɗaga waya. Likita ya rubuta masa magani yana sha. Fasto ya zo, dattawan garinmu sun zo, ni ma na je na yi nawa wa'azin. Ya saurare mu duka cikin ladabi, ya ce ya gode, ya ci gaba da kallon bango. Yayata ba ta taɓa furta abin da take tsoro ba, amma na lura ta kwashe magungunan gidan ta koma ajiye su a jakarta.

Wata rana ta kira ni a waya. Ta ce, "Mai garejin da muke haya ya ce zai sayar da wurin. Ka zo weekend ɗin nan ka kwashe wannan tarkacen. Ko a bola ka zubar, ban damu ba."

Tarkacen shi ne babur ɗin ruwan. Mijinta ya saye shi na hannu tun zamanin da ake jin daɗi, ya jawo shi gida a kan 'yar tirelarsa, ya lulluɓe shi da tamfol, shi ke nan. Shekaru suka yi ta wucewa bai taɓa ganin ruwa ba, sai wanda ke yoyo ta rufin gareji. Babu wanda ya tambayi dalili. Mun ɗauka irin sayayyar nan ce da maza kan yi su rasa bayani.

Ran Asabar na isa, na yaye tamfol. Ga shi nan, kore da shunayya kamar takardar alawa, tayoyin tirelar duk sun sace. Na ce kafin in kai shi wurin masu gwangwan bari in ga ko zai tashi. Na jawo waya daga batirin motata na haɗa. Yatsana na kan maɓalli sai na ji murya a bayana.

"Direba, ɗauke hannunka."

Haka yake kirana, ni kuma ina ce masa Oga. Yana tsaye a ƙofar gareji da silifas da rigar sanyi, yana ƙifta ido saboda haske. Daga baya yayata ta gaya mini rabonsa da taka wajen gidan tun lokacin sanyi.

Ya ce, "Cikinsa a bushe yake. Ka danna wannan, ka gama da injin."

Ya yi mini bayani a hankali, kamar mai karanta sanarwa. Injin irin na ƙananan janareton nan ne na gida, masu shan fetur tare da baƙin mai. Man da ke shiga tare da fetur shi ke sa ƙarafa su yi santsi, kuma wannan ya yi shekaru bai ga ɗigo ba. Ashe a Bukuru, kafin ya yi karatu, a shagon gyaran baburan kawunsa ya tashi. Ban taɓa sani ba.

Na ce, "To Oga, ni tuƙi na iya, ban san kan wannan ba. Sai dai ka nuna mini."

Ba dabara na yi ba. Gaskiyata na faɗa. Ya daɗe yana kallon babur ɗin, sannan ya kifa bokiti ya zauna.

Ya sa na kwance fulogai, na ɗura mai a ramukan, muka bar shi ya jiƙa, sannan na juya injin da hannu har ya saki. Muka tsiyaye tanki, fetur ɗin ya fito kalar shayi yana warin tsohon fenti. Tiyon mai kuwa da ka matsa sai ya farfashe, cikinsa cike da wani koren danƙo. A ƙarƙashin kujera muka tarar ɓeraye sun yi gida, da alama sun fi kowa cin moriyar sayayyar. Da muka zo kan kafireto, wani ɗan ƙaramin sifirin ya kufce mini ya yi tsalle ya shige cikin shara. Oga ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Matsa." Ya karɓi sukundireba daga hannuna.

Mai gareji ya ɗaga mana ƙafa zuwa ƙarshen bazara. Na koma duk Asabar ɗin da ba ni da aiki sai in kama hanyar Birmingham. Yayata kuwa ta fara aiko mana da abinci gareji. Wata rana ta tare ni a kicin ta rage murya ta ce, "Kar ka kuskura ka iya gyaran nan. Ko ka gane, ka yi kamar ba ka gane ba."

Na ce mata wannan ba zai ba ni wahala ba.

Ranar da za mu tayar da babur ɗin muka turo shi lungun bayan gidaje. Oga ya haɗa masa tiyon ban ruwan fulawa don kada ya yi zafi, ya gargaɗe ni cewa sai inji ya tashi ake buɗe famfo, in ba haka ba ruwa zai cika shi. Ya danna. Injin ya yi tari, ya yi shiru, ya sake tari, sannan ya kwarara wata ƙara kamar ana yanka katako. Shuɗin hayaƙi ya rufe lungun da shanyar maƙwabta. Wani dattijo ɗan Pakistan ya leƙo ta katanga ya tambaya ko gobara ce. Oga ya ce masa a'a, aiki yake yi. Bai yi murmushi ba. Ya dai karkatar da kai yana sauraron injin, kamar yadda likita ke sauraron ƙirji.

Muka sami wani tafki a bayan gari inda ake barin irin waɗannan babura. Muka je mu uku, muka karɓi rigunan kare nutsewa. Oga ya duba toshiyar da ke bayan babur ɗin, mai hana ruwa shiga, ya sake dubawa, na ja mota da baya muka sauke shi. Babur ɗin ya zauna a kan ruwa lafiya. Oga ya shiga ruwa zuwa idon sawu, sai ya tsaya.

Ya ce, "Ban iya ruwa ba."

Yayata ta ce, "Na sani."

Na ce, "To Oga, me ya kai ka saye?"

Bai dube ni ba. Ya ce, "Ita ce ta ce tana kewar kogin Binuwai."

Mu mutanen bakin kogi ne. Yayata ta iya tuƙa kwale-kwale kafin ta iya rubuta sunanta. Ta juyo ta ce, "Yaushe na ce haka?"

"Shekarar da muka zo."

"Shi ne ba ka taɓa faɗa mini ba?"

"Ban gama kwance shi daga mota ba kika ce na haukace."

Ta dube shi. Can ta cire ɗankwalinta ta miƙo mini, ta ɗaura igiyar makullin a hannu, ta haye. Ta ce masa, "Hau baya."

Ya hau. Da farko a hankali suke tafiya, shi ya ƙanƙame ta, idonsa a rufe. Da suka yi nisa sai na ji ta murɗa totur. Ban taɓa ganin yayata haka ba, gashinta a buɗe, ruwa na tashi a bayanta. A ƙarshen tafkin ta karya kwana, ita ta kwanta dama, shi ya kwanta hagu. Ya faɗa.

Kansa ya ɓace. Ina tsaye a gaɓa riƙe da ɗankwali. Wata da watanni muna gadin mutumin nan, ga shi da hannunmu mun kawo shi tsakiyar ruwa. Rigar ta ɗago shi yana dukan ruwa da hannu biyu. Yayata ta juyo, kafin ta iso injin ya mutu. Ba ta tsaya sake tayarwa ba, ta faɗa ruwa ta yi iyo zuwa gare shi, ta riƙe wuyan rigarsa tana masa magana har jirgin masu kula da tafkin ya iso.

Aka fito da su, aka lulluɓe shi da tawul. Yana kakkarwa yana tari, ita tana zaune kusa da shi tana kuka ba sauti. Ina haɗa kalmomin ban haƙuri a raina sai ya ɗago kai.

Ya ce, "Yana mutuwa in an saki totur. Sai mun sake buɗe kafireton. Direba, za ka zo ran Asabar?"

Na ce zan zo.

Ba zan ce a ranar ya warke ba. Ya ci gaba da shan maganinsa, kuma an sake yin kwanakin da labule bai buɗu ba. Amma kafin shekara ta ƙare ya koma coci, daga baya ya sami aiki a wata makaranta. Ya shiga ajin koyon iyo tare da 'yan fansho, ya fito da takarda. Babur ɗin ya ƙara yin bazara biyu, sannan ya mutu mutuwar da ko Oga ya yarda da ita.

Duk waɗanda muka je wa mutumin nan, kowa da abin da ya kai masa, addu'a ko shawara ko abinci, kuma ya gode mana da gaske. Babu ko ɗaya a cikinmu da ya je neman wani abu a wurinsa. Tun daga lokacin, in na ji wani nawa ya shige ɗaki ya rufe ƙofa, ba na tsayawa a tambayar me zan yi masa. Nakan nemi abin da ya iya wanda ni ban iya ba, in je in ƙwanƙwasa, in ce masa na rasa yadda zan yi.