Jan Idon da Bukari Ya Rufe

Kafin a rushe unguwarmu, Zangouettin, gidanmu yana bayan wani ƙaramin masallaci, kuma a tsakar gidan ne Iya, kakarmu ta wajen uba, take tara mu bayan sallar isha. Takan zauna kusa da murhu tana juya gyaɗa a kasko, mu kuwa mun jeru a tabarma. Tatsuniyoyinta suna da yawa, amma akwai ɗaya da ba ta buɗe ta da "ga ta nan", domin a kanta abin ya faru. In ta fara ta, ƙanena yakan cusa kai cikin zanenta.

A lokacin tana matashiya, ta taso daga Yamai da atamfofin kakanmu a wata tsohuwar Fijo bashe, irin mai rufin tamfol a baya, babanmu yana goye, zazzaɓi na cinsa. Direban, Bukari, ba ya son a yi masa magana a kan motarsa. Sun wuce garin Kantchari da la'asar sai wata 'yar fitila ja ta kama a gaban sitiyari, inji kuma yana wani siririn kuka.

"Na ce, Malam Bukari, wannan jan idon fa? Ya ce, Hajiya, haka take yi. Ya cire hularsa ya ɗora a kan fitilar."

Nan Iya takan dakata ta dube mu. Batir, in ji ta, kamar randa ne. Akwai wani abu a inji, altaneta, shi ke zuba masa wuta. In jan idon ya buɗe, mai ɗebo ruwa ya daina zuwa, ana ta sha ne kawai.

Magariba ta yi, Bukari ya kunna fitilu. Haskensu ya yi ta dushewa har ya koma kamar na aci-balbal. Can sai wani abu ya yi tas a cikin inji, motar ta soma zafi, dole ya kashe ta a tsakiyar daji. Ya buɗe gaba, ya ƙyasta ashana, ya girgiza kan batir, ya same shi daram. Ya bi wayoyi, babu wadda ta fita. Da ya kai hannu inda bel mai juya altaneta yake, sai ya zaro guntun roba. Tun rana bel ɗin ya saki yana zamewa, shi ne kukan da suka ji.

"Daga nan muka ji ta," in ji Iya, muryarta ta yi ƙasa. "Kura. Ɗaya ta yi daga gabas, wata ta amsa a bayanmu. Babanku kuwa sai kuka, na toshe masa baki da nono, jikinsa kamar garwashi."

Ta kwance majanyin da ta goya shi da shi, ta yaga shi uku, ta kitsa da ƙarfi kamar gashi. Bukari ya ɗaura a madadin bel. Batir ba shi da ƙarfin tayar da inji, sai turi. Ta ajiye jaririn a kujera, ta rufe ƙofa, ta koma baya cikin duhun nan tana turawa, Bukari na turawa ta gefen sitiyari, tana jin takun sawu a busasshiyar ciyawa. A gangara ya yi tsalle ya shiga, motar ta yi tari ta kama. Iya ta bi ta da gudu, takalmi ɗaya, ta afka ciki. A hankali suka lallaɓa har wani ƙauye, fitilu a kashe.

Muna yara, wawa muka ɗauki Bukari. Sai da na girma, na ga yadda babanmu ya yi shekara yana ɓoye mana ciwon ƙirjinsa, na gane Bukari ya san abin da fitilar take faɗa sarai. Tsoron tsayawa ne ya sa shi rufe ta. Babanmu ma tsoron asibiti yake yi, kuma ranar da ya yarda muka kai shi, likita ya duba shi ya ce mun makara.