Tsugunon Gaisuwa a Bakin Raga

Wata la'asar a azumin shekarar korona, Umma ta aike ni da kwanon kunu gidan maƙwabcinmu a Al Thumama, unguwar da muke zaune a ƙasar Larabawa. Baturen Fotugal ne, injiniyan lantarki a filin ƙwallon da ake ginawa kusa da mu, muna kiransa Baba Tiyago. Na ajiye kwanon nesa da shi saboda cutar, na tsuguna zan gaishe shi kamar yadda aka hore ni, sai na tarar waya yake amsawa. Kunya ta hana ni tashi ba a sallame ni ba. Ina nan tsugune, ina kallon tururuwa na jan guntun dabino, har ya gama doguwar maganarsa. Ya leƙo ni ta saman takunkuminsa ya ce, "Gwiwarki ba ta ciwo? To, na samu gola."

A lokacin makaranta ta koma cikin kwamfuta, yaran rukunin gidajenmu duk zaman ɗaki ya ishe su. Da aka sassauta kulle, sai ya fito da tsofaffin takalman taya da sanduna masu lanƙwasa, ya koya mana hokin da ya buga yana saurayi. Filinmu wurin ajiye motoci ne, ragarmu kwandon wanki biyu. Kowa na iya gudu a kan taya ban da ni, amma golan wannan wasa a tsugune yake tsaron raga, kuma yayana Sadik da 'ya'yan Indiyawa da Masarawa da sun ɗan tsuguna sai su kife. Ni kuwa a haka nake wanke-wanke, a haka nake gaida baƙin Abba.

In mun gaji, Baba Tiyago yakan zaunar da mu ya ba mu tarihin wata gasa da zakaran kulob-kulob na Turai ke haɗuwa da zakaran Kudancin Amurka. Ya ce wasu shekarun a yi ta, wasu a bar ta, har mutane su cire rai, sai kuma a wayi gari an dawo da ita. Na lura duk sanda ya zo nan a labarin sai ya shafa tabon da ke haɓarsa. Muka kwaikwaye su, layin masallaci da layin baƙala, wato kantin unguwa, kofinmu wata lotsattsiyar butar gahawa. Tamu ma ta riƙa tsayawa, cutar ta dawo, zafi ya hana, jarrabawa ta zo.

Da gasar kofin duniya ta iso, tutoci suka cika Corniche, titin bakin teku, aikin Baba Tiyago ya ƙare, ya sa ranar wasan ban kwana. Amma Umma ta ce na girma. "Khalas, ya isa haka, Nafisa. Budurwa ba ta tsugunawa tsakiyar maza ana jifarta da ƙwallo." Ranar wasan na goge takalmana na ajiye a bakin ƙofa, na tsuguna gefenta a kicin ina tsinke zogalen da aka aiko daga Kano. Ihun filin ƙwallo na shigowa ta taga, ƙarar tayoyi na bi ta ƙarƙashinsa. Sadik ya leƙo ya ce, "Umma, uku fa aka zura mana, golanmu kamar buhun shinkafa." Ban ɗago ba. Umma ta daɗe tana dubana, sannan ta janye tiren daga gabana ta ce, "Sa dogon wando ƙarƙashin hijabin. Yalla, kafin in canza shawara."

Ba mu ci kofin ba, amma babu ƙwallon da ta sake shiga kwandona. Da na tare ta ƙarshe da gwiwa, sai na ji muryar Umma daga bakin ƙofa tana gaya wa matar wani Bamasare, "Ni na koya mata tsugunon nan."

Yanzu ina Zariya ina karatu, Baba Tiyago ya koma ƙasarsa, an ce motoci sun cike filinmu. Ban cire rai da gasar ba, tunda ita ma ta manyan takan dawo. Har yau in na tsuguna gaida kakata, sai in ji hannuna ya buɗe da kansa yana jiran ƙwallo.