Ƙwaron da Ke Shigowa Cikin Fure

Mai Basilla ake ce masa, don ba ka ganinsa ba tare da ƙatuwar allura soke a wuyan rigarsa ba. Gyaran darduma ne aikinsa tun yana saurayi. Shagonsa ɗan tsukuku ne a ƙarƙashin wani tsohon bene, kullum yana warin ulu. In rana ta leƙo ta taga, sai ka ga ɓurɓushin zare yana iyo cikin hasken, shi kuma yana duƙe yana cike rami a hankali, kamar mai lallashin jariri ya yi barci.

Abokin gabarsa ɗaya ne a duniya: ƙwaron darduma, ɗan mitsitsi da bai fi kan ashana ba, mai ɗigo-ɗigon fari a baya. Duk wanda ya kawo darduma mai huji sai ya sha wa'azi kafin ya fita.

"Uwar ba ta cin ulu," in ji shi. "Garin fure take sha a waje. Sai ta biyo haske ta taga, ko ta maƙale a furen da kuka yanko kuka jera a kwalba don gayu. Ta sauka, ta nemi lungu, ta zuba ƙwai. 'Ya'yan ne marasa kunya, tsutsotsi masu gashi. Ku kuna shan ƙamshi, su suna cin dukiyarku."

Shekara da shekaru yana raba mutane da fure. A gidansa kuwa ko na roba sai ya harare shi.

To, tsufa ya zo wa matarsa ta wata hanya. Ƙafafunta lafiya, idanunta garau, amma mutane suka fara zubewa daga kanta ɗaya bayan ɗaya. Ta manta maƙwabta, ta manta autarsu da ke zuwa kullum ta yi mata wanka, daga baya ta manta shi. Abu ɗaya ta riƙe: jar dardumar ulu da mahaifiyarta ta bar mata, wadda tun tuni aka yi wa Auta alkawarinta. A kai take wuni, yatsanta yana bin zanen gefe, ya kai ƙarshe ya dawo. Ranar da aka naɗe dardumar don a kaɗe, kuka ta yi har sai da aka mayar.

Wata yamma yana dawowa daga shago, reshen shingen bakin hanya ya kama masa hannun riga. Ya karya shi, ya shigo gida da shi ba tare da ya lura ba, fararen furanni cunkus a jiki. Matar ta ɗago kai, ta shaƙa, fuskarta ta washe.

"Sarkin faci," ta ce, "sai yanzu?"

Sunan tsokana ne da ta raɗa masa suna amarya da ango. Ya zauna a bakin dardumar. Daɗi ya kama shi har ya ji tsoro. Suka yi hira, ta yi masa tsiyar furfura, ta tambaye shi ko ya ci abinci. Da gari ya waye ta sake mantawa. Tun daga nan bai ƙara shiga ɗakin hannu wofi ba. Yakan karkaɗe reshen a ƙofa, ya hura, ya duba, amma ya fi kowa sanin cewa wani ƙwaro zai tsira.

Auta ce ta gani tana shara. Ta ɗaga kusurwar dardumar, sai ga ɓawon tsutsa kamar ƙaiƙayi, ga fili ya yi sanƙo tun daga gefe.

"Baba, kai fa? Kai da ka hana duniya fure?"

"Ni ɗin."

"Kuma ka sani kake kawowa?"

"Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, Auta."

Ranta ya ɓaci sosai. Ba ta da wani abu na kakarta sai wannan, kuma in uwar ta tafi, nan take so ta riƙa zama ta tuna ta. Ta faɗa masa haka. Ya ga gaskiyarta, ya yi alkawarin bari.

Washegari ya wuce shingen bai karya reshe ba, kansa a sunkuye. Ya yi sallama, ya shiga. Matar ta dube shi da ladabi, ta ja mayafi ta rufe kai.

"Bawan Allah, mai gidan ba ya nan. Ko za ka dawo anjima?"

Ya ce to. Ya fita tsakar gida ya tsaya, yana kallon igiyar shanya tana lilo, bai san tsawon lokacin ba. Auta tana bakin murhu, ta ji komai.

"Ki yafe mini," ya ce mata. "Gadonki nake ciyar da ƙwari. Ramin da suka yi zan iya cikewa, in ido ya yarda. Ramin da ke kan uwarki kuwa ba ni da zarensa."

Auta ta miƙe. Ta sauke tukunya, ta sa takalmi ta fita. Can sai ga ta da reshe a hannu, ta riƙe shi nesa da jiki kamar mai ɗauke da garwashi. Ya miƙa hannu ya karɓa, ta ƙi. Ita ta shiga, ta durƙusa a kan dardumar, ta kai furen kusa da fuskar uwarta. Daga ƙofa yana ganin wani ɗan ƙwaro yana tafiya a kan ganye, ya ƙyale shi.

Tsohuwar ta shaƙa, ta lumshe ido, ta buɗe. Ta daɗe tana kallon matar da ke gabanta, sannan ta sa hannu ta shafa mata kai.

"Auta," ta ce, "wa ya yi miki wannan mummunan kitson? Juyo in warware."

Auta ta juya baya ta zauna, kafaɗunta suna girgiza saboda kuka.