Tsohon da ya auna ni da igiya kafin ya ba ni keke

Na sha wuya a shekarar nan, wuyar da har yau idan na tuna sai gwiwata ta amsa. Amma abin da ba zai taɓa fita daga raina ba shi ne tsohon da ya raba ni da ita.

Gadi nake yi a wata makaranta a hanyar Maikunkele, gidana kuma yana Fadikpe. Da man fetur ya gagare ni, na jingine babur na ɗauko baƙin keken mahaifina, mai nauyin nan da ake dakon doya da shi. Akwai wani hawa a hanyar, kullum sai na sauka na tura, kullum sai na makara. Ran nan shugabar makarantar ta kira ni ta ce, "Malam, yara suna tsaye a ƙofa, kai da makulli ba ka iso ba. In aka sake, wani za mu nema." Ga iyali, ga furfura. Wa zai ɗauke ni aiki?

Ranar Lahadi na tafi Shango, wurin wani tsoho mai sayar da kekuna na hannu, waɗanda aka taɓa hawa. Ni a sanina keken kirki shi ne mai nauyi, don haka na dinga ɗaga su ɗaya-ɗaya kamar mai sayen rago, har na tsaya kan wani mai manyan tayoyi.

Tsohon bai ko tashi daga bencinsa ba. Ya ce, "Gwiwar hagu ce ke damunka."

Na juyo na dube shi. Ban gaya masa komai ba. Na ce, "Baba, duba kake yi?"

"Wane duba? Tafiyarka na gani tun daga titi. Ka daɗe kana tuƙi da sirdi a ƙasa, wai don ƙafa ta taɓa ƙasa. Ajiye wannan, na hawan dutse ne, a kan kwalta jininka zai sha. Ina kake zuwa kullum?"

Na faɗa masa. Wallahi sai ya karanto mini hanyar tamkar shi ya shimfiɗa ta, inda kwalta ta fashe, inda ruwa ke tara yashi, har hawan da ke kunyata ni. Sannan ya zaro igiya daga aljihu, ya auna ni daga ƙasa zuwa ƙugu, ya ƙulla. Ya jawo wani siririn keke mai miƙaƙƙen kai, tayarsa ba siririya irin ta tsere ba, ba kuma ƙatuwa ba. Ya ce ruwa biyu ne, don cikin gari aka yi shi. Ya ɗaga sirdin daidai ƙullin igiyar.

Na ɗaga shi da hannu ɗaya, na ce, "Baba, wannan ai na 'yan makaranta ne, karyewa zai yi."

Ya ce, "Kai za ka hau shi, ko shi zai hau ka? Biyo ni."

Ya hau nasa keken, mutumin da ya kusa haifata, muka nufi wani hawa da ke bayan unguwar. Da muka fara hawa na yunƙura zan sauka yadda na saba. Ya daka mini tsawa, "Zauna! Danna abin nan da babban yatsa!" Wani ɗan maɓalli ne kusa da mariƙin keken, ni duk zatona ado ne. Na danna, sarƙar ta yi ƙas, sai feda ta yi laushi kamar wani ya turo ni daga baya. Har na waiga. Babu kowa. Na sake dannawa, na gan ni a sama, a zaune, gwiwa shiru. Tsohon yana gefena, ko haki ba ya yi.

Na tsaya ina kallon gangaren, na ce Allahu akbar. Shekara da shekaru ina ganin wahala ita ce ƙarfin namiji, ashe rashin sani ne kawai. A ranar na gane cewa kafin ka zaɓi abu, sai ka san kanka da hanyar da za ka bi, in ba ka sani ba ka tambayi wanda ya sani.

Na biya kuɗin keken, na tafi da shi gida. Washegari na hau, na wuce hawan nan na hanyar makaranta ban sauke ƙafa ba. Na buɗe ƙofa, na share harabar, na zauna. Da shugabar ta iso, ni na fara ce mata, "Hajiya, yau kin makara."