Taswirar da na tsallake wa Yaya Bawa

Yau a Ikko, inda na tsufa a banza, na shafa ɗige-ɗigen rubutun makafi a kwalin magani, sai garinmu Illo, can bakin iyaka, ya faɗo mini a rai.

Shekarar mulkin kai, ina kwafe wa yayana Bawa, makaho, wani littafi da rubutun makafi. Ƙa'ida ita ce in ka iske hoto ka bayyana shi da kalmomi. Ni kuwa na tsallake taswira.

Yana cikin karantawa, sai yatsansa ya tsaya. "Kai Sani, ina shafi na tara?"

"Taswira ce, Yaya. Mi za ka yi da ita?"

"Ƙauyen Inna, wane gefen iyaka ya faɗa?"

Na duba, ashe Dahome, wato ƙasar Benin ta yanzu. Ni mai idon ban lura ba.

Gaskiyarsa. Ku fa, wa kuka taɓa tsallake wa shafi?